Ƙasusuwan Fasto Habila

Kowace Lahadi da hantsi, kafin rana ta hau duwatsun Tandabawi ta fara dukan rufin gidaje, Mukhtaru yakan jingina wayarsa da gwangwanin yaji, ya ja katako gabansa, ya fara yanka nama falle-falle. Ba a daɗewa sai wayar ta yi ƙara. A lokacin, su can Japan har an tashi daga sujada, an ci abinci, an wanke kwanuka, don ranarsu tana riga ta Makka fitowa nesa ba kusa ba.

"Muntari, ka karya?"

Duk faɗin Makka ba mai ce masa Muntari sai wannan murya. Larabawa Mukhtar suke cewa. Hausawan unguwa kuwa sai su ce mai siriya, wato tsiren nan namu da ya zo ƙasar Larabawa ya sake suna.

"Na sha shayi da burodin tamis, Yaya. Mutum nawa yau?"

"Bakwai."

"Har da ke?"

"Har da ni."

"Har da Fasto?"

"Kai dai Allah ya shirye ka. Har da shi."

"Mu jiya a Harami ban sami inda zan ajiye ƙafa ba. In aiko muku da sahu ɗaya aro?"

"Aiko mana. Amma ka gaya musu mu a nan ana cire takalmi a bakin ƙofa."

"Wannan ai ba sai an koya mana ba."

Sai ta yi dariyar nan tata mai tafe da tari, shi kuma ya ci gaba da yanka yana murmushi.

Bilhatu yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye shi. Ƙauyensu yana bayan Malumfashi, irin garin da za ka ga mai zuwa coci da mai zuwa masallaci suna cin tuwo a kwano ɗaya. Da ubansu ya rasu, kawunsu wanda yake Musulmi ya ɗauki Mukhtaru ya riƙe, ita kuwa ta zauna wajen Inna, tana zuwa makarantar mishan. Kawun ne ya zo da shi umara yana saurayi. Kawu ya kwanta ciwo ya rasu a nan, shi kuma ya zauna, yau da gobe har ya zama ɗan gari ba tare da gari ya sani ba. Ita Bilhatu ta auri Habila, malamin makarantar da ya zama fasto, ikilisiyarsu ta tura su Japan wa'azin bishara. Allah bai ba su haihuwa ba. Inna ta rasu ba ko ɗayansu a kusa.

To ga yadda zancen yake. Ita ba za ta iya shigowa Makka ba, don tun daga kan hanya akwai allon da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai kauce. Shi kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Ranar da ya fita ya fita ke nan, kuma jirgin da zai ɗauke shi gida kawai zai kai shi, ba Japan ba. Wuri ɗaya tak ya rage musu a duniya inda za su zauna tabarma ɗaya, shi ne tsakar gidan Inna. Sun daɗe da yanke magana a kai. Ranar da ikilisiya ta sallami Habila suka koma, shi ma zai je ya miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi.

Saboda wannan rana ne bai yi aure ba. Saboda ita ne yake da akwati a ƙarƙashin gado, wanda yake cikawa a hankali. Akwai turare, akwai atamfa, akwai agogon hannu na Habila, akwai wani bargo mai nauyi mai zanen furanni, irin wanda alhazai ke rububi, da ya saya a kasuwar Jarwal don ya tuna Yaya ba ta son sanyi.

Cocin nasu bai taɓa ganinsa da ido ba, amma ya san shi kamar ɗakinsa. Ɗan gini ne na katako a wani ƙaramin gari na manoman shinkafa, can arewa inda ƙanƙara ke rufe ƙofa sai an haƙa. Turawan mishan ne suka gina shi tun da daɗewa. Ya san akwai silifa a jere a bakin ƙofa, fiye da ƙafafun da ke zuwa. Ya san bayan sujada sukan zauna su sha romon taliya tare, kuma ranar da Bilhatu ta sa musu barkono kaɗan, tsofaffin suka yi ta hawaye suna sunkuyawa suna cewa ya yi daɗi. Ya san yadda Habila ke tsayawa a tashar jirgin ƙasa yana raba takardun wa'azi, mutane su karɓa da hannu biyu, su rusuna, su yi godiya, kuma ba wanda zai zo. Ranar Kirsimeti kaɗai ɗakin yake cika, a kunna kyandir, a ci kek, kowa ya tafi sai baɗi.

"Ba su taɓa zagin ku ba?" ya taɓa tambayarta.

"Ina ma su zage mu. Da ka san an ji ka."

Ya san mutanen da sunayensu. Akwai Iya Kurihara, tsohuwar da ke kaɗa musu molon coci, wadda bayanta ya tanƙware saboda dashen shinkafa. Akwai Malam Sugano, wanda ya fi shekara goma yana zuwa, yana zama a kujerar baya, yana share ƙanƙarar ƙofa ba a sa shi ba, amma ya ƙi a yi masa baftisma. Shi ne babban ɗa a gidansu, kabarin kakanni da wurin tuna su a cikin gida duk a wuyansa suke. In ya bi Yesu, wa zai kai musu ruwa da turare? Mukhtaru yakan tambayi lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya kamar maƙwabta. Da gaske kuwa ya fi sanin ciwon gwiwar Iya Kurihara a kan sunan mutumin da ke kwana a ɗakin da ke jikin nasa.

Ran nan, ba Lahadi ba, wayar ta yi ƙara yana cikin barbaɗa yaji. Tun daga sallama ya ji muryar ba tata ba ce.

"Muntari, Fasto ya tafi."

"Ya tafi ina?"

Sai ya gane. Ya ajiye gwangwanin a hankali.

Habila ya fita share ƙanƙarar hanyar coci ne da safe, Malam Sugano ya zo ya same shi zaune jikin bango, shebur a kan cinyarsa. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Mukhtaru ya yi mata gaisuwa yadda ya iya. Ya so Habila. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in ya karɓi wayar yakan ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a a ɗakin Allah," kuma ba da wasa yake faɗa ba. Hawaye suka zo wa Mukhtaru. Amma can ƙarƙashin hawayen, wani abu ya motsa wanda ya ji kunyarsa: lokaci ya yi ke nan. Za a kai gawa gida. Yaya za ta bi gawa. Shi kuma zai jawo akwati.

Washegari ya kira ta da kansa.

"Yaushe za a sa shi a jirgi? In san yadda zan shirya."

"Ba za a sa shi a jirgi ba."

"To a nan za a binne shi?"

"Muntari, a nan ba a binne mutum yadda ka sani. Ƙonawa ake yi."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya cire wayar daga kunne ya dube ta, ya mayar.

"Ƙonawa? Da wuta?"

"Kowa da kowa. Mai coci da marar coci. Sai a sa ƙasusuwan a tulu a kai kabari."

"Innalillahi. Yaya, Habila fa? Mutumin da ko cinnaka ba ya takawa? Ikilisiyarku ta ce ba za ta kawo shi gida ba?"

"Sun ce za su kawo shi. Ni na ce a'a."

Daga nan ta yi masa bayani, tana yi tana tsayawa. Ta ce a ƙasar nan kabari na gida ne, ba na mutum ɗaya ba. Miji da mata da kakanni duk rami ɗaya, tulu kusa da tulu, a harabar ɗakin ibadar gargajiyarsu. Ranar da aka yi wa Iya Kurihara baftisma, dangin mijinta suka gaya mata cikin ladabi cewa ba ta da wuri a wajensu kuma. Wannan shi ne abin da ke tsorata mutanen garin, ba wa'azi ba: mutum ya mutu ya rasa wanda zai kwanta kusa da shi. Shi ya sa cocin ya yi ɗan kabarinsa na tarayya a gefen tudu. Amma duk 'yan mishan ɗin da suka zo kafin Habila, da sun tsufa sai su haɗa kaya su koma ƙasarsu su mutu. Wata rana Iya Kurihara ta tambaye shi a gaban kowa, suna shan romo: Malam, kai ma in ka gama da mu gida za ka koma ka kwanta? Habila ya ajiye kwanonsa ya ce a'a. Ya ce in mutuwa ta same shi a nan, tare za su kwanta.

"In mutuwa ta same shi a nan ya ce, Muntari. Ga shi ta same shi."

"Magana ce ta bakin kwano, Yaya. Kowa yana faɗa."

"Su ba su ɗauke ta haka ba. Shi ma bai ɗauke ta haka ba."

"To shi ke nan, a yi masa yadda ya so. Ke sai ki taho."

Yana jin ƙarar wani abu a bayanta, kamar tukunyar ruwa na tafasa.

"In tafi in bar shi a kan tudu cikin ƙanƙara? In bar tsofaffin nan, wa zai buɗe musu ƙofa ran Lahadi?"

"To ni fa?"

Bai san zai faɗa da ƙarfi haka ba. Wata mage da ke jiran guntun nama ta zabura.

"Ban sani ba, Auta," ta ce. Rabon da ta kira shi Auta tun Inna na da rai. "Wallahi ban sani ba. Amma akwai abin da nake so ka yi mini. In an gama ƙonawa, dangi ne ke tsince ƙasusuwan su sa a tulu. Mutum biyu ke ɗaukar ƙashi ɗaya tare, da tsinkaye irin na cin abincinsu. Na farko sai wanda ya fi kusa. Ni ba ni da kowa a nan da muka haɗa jini. Jibi ne, daidai hantsinku. Ka kunna hoton waya kawai, in dinga ganin fuskarka."

"Ki ce in zauna a Makka in kalli an toya mijinki?"

"Muntari."

"Ba zan iya ba."

Ya kashe wayar.

Ranar bai san yadda ya yi ciniki ba. Da la'asar ya hura gawayi, ya shimfiɗa nama a kan raga, kitse ya ɗiga wuta ta tashi, sai ya kawar da kai. Shekara da shekaru yana tsaye a kan wannan hayaƙi bai taɓa yin haka ba. Ya bar falle biyu suka ƙone ƙurmus.

Baba Tsoho na zaune a kujerar robarsa yana kallo. Shi ne mai wurin. A Makka aka haife shi, iyayensa ta Sudan suka zo da ƙafa, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a bakin mutane, Hausarsa rabi Larabci ce.

"Ya waladi, gawayi muke sayarwa yanzu? Ba a gaya mini ba."

"Yi haƙuri, Baba."

"Kai Bakatsine, tun jiya fuskarka kamar an kwana ana dukanta. Esh fi, me ya faru? Wata ce ta ce ba ta so?"

Mukhtaru bai yi niyyar faɗa ba. Ba kowa ya san yana da 'yar'uwa Kirista ba, balle matar fasto. Amma da aka idar da magariba, mutane suka ɗan ragu, sai ya ji maganar ta fito da kanta, tun daga shebur har zuwa tsinkaye.

Baba Tsoho ya daɗe yana jan carbi.

"La haula. Wuta kuma. Allah ya raba mu." Ya girgiza kai. "To me kake so in ce?"

"Ya halatta in kalla?"

"Ni shehi ne? Ga ɗaliban nan 'yan Kano da ke zuwa ran Alhamis su cinye mana albasa, tambaye su. Abin da na sani dai, ba kai ka kunna wutar ba, kuma ba a ce ka yi addu'arsu ba. 'Yar'uwarka ce za ta tsaya a cikin baƙi."

"Ita ta zaɓa."

"Aiwa. Yanzu ka faɗi gaskiya. Ba fatawa kake nema ba, fushi kake yi."

Mukhtaru ya juya nama.

"Ubana," in ji Baba Tsoho, "har ya mutu bai sayi gado ba. A ƙasa yake kwana. In an yi magana sai ya ce me zai yi da gado, mutumin da zai koma Haɗeja baɗi? Mu yara muna ta dariya. Da na girma na daina dariyar." Ya miƙa hannu ya ɗauki falle ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙone, ya tauna, ya yamutsa fuska. "Wannan ko mage ba za ta ci ba. Yalla, kula da aikinka."

Washegari wayar ta yi ƙara sau biyu bai ɗauka ba. Bayan azahar ya sauka Harami, ba don komai ba sai don ƙafarsa ta san hanya. Mutane kamar ruwa. Ya shiga ɗawafi, kafaɗa na gugar kafaɗa, wannan na kuka da Turkanci, wancan na roƙo da Urdu, wata tsohuwa ta riƙe gefen rigarsa don kada ta faɗi, suka yi zagaye guda tare, ta sake shi ba ta ko dube shi ba. Ya lura kowa da wanda yake riƙe da shi. Mata sun riƙe mayafin juna, ɗa ya riƙe uba. Da aka yi la'asar aka kira sallar gawa, ya tsaya ya yi, kamar yadda ya yi sau ba adadi, ga mutanen da bai san sunansu ba. Aka wuce da makara da sauri, 'yan mutane kaɗan na biye. Ya bi su da ido har suka ɓace. Ya yi tunanin in tasa ta zo a nan, dubban mutane za su yi masa salla, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da zai san ana ce masa Muntari.

Ranar da aka sa, bayan asuba bai koma barci ba. Bai je karɓo nama ba. Ya zauna a bakin gado, wayar na hannunsa, yana kallon haske na sauka a kan hasumiyar agogo ta ɗan tagar ɗakin. Ya ce a ransa in ta kira ba zai ɗauka ba. Hantsi ya yi, ba ta kira ba. Sai ya gane ba za ta kira ba, ta riga ta roƙa sau ɗaya, kuma Yaya ba ta roƙo sau biyu tun suna yara.

Shi ya kira.

Fuskar da ta fito ba tata ba ce. Wani tsoho ne mai furfura da tabarau, ya matso da ido kusa da wayar, ya ja baya, ya sunkuya. Mukhtaru ya gane shi nan take.

"Malam Sugano," ya ce.

Tsohon ya buɗe baki don mamaki, ya sake sunkuyawa, sannan ya juya wayar.

Ɗaki ne fari fat, ba hayaƙi, ba toka a ƙasa, ba komai daga abin da ya kwana yana gani a ransa. Tsofaffi 'yan kaɗan cikin baƙaƙen kaya. A tsakiya ga wani dogon faranti na ƙarfe, a kansa ƙasusuwa farare kamar alli, an jera su yadda mutum yake kwance. Mukhtaru ya runtse ido ya karanta abin da ya zo bakinsa. Da ya buɗe sai ya ga Bilhatu. Ta rame. Ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurin Inna, a kan baƙar rigar mutanen can. Ta dube shi, leɓenta ya motsa.

Wani ma'aikaci mai farin safar hannu ya yi magana a hankali, ya miƙa mata dogayen tsinkaye biyu. Ya riƙe wasu biyun yana duban mutanen, yana neman wanda zai ba. Bilhatu ta nuna wayar, ta faɗi wata kalma. Ma'aikacin ya juyo ya fuskanci wayar sosai, ya haɗa ƙafa, ya rusuna wa Mukhtaru kamar yana tsaye a gabansa. Mukhtaru ya ɗora hannu a ƙirji.

Tsinkayen na hannun ma'aikaci ba mai karɓa. Sai wata 'yar tsohuwa mai tanƙwararren baya ta tako a hankali, ta tsaya gaban wayar, ta ɗaga kai da ƙyar, ta yi magana doguwa.

"Iya Kurihara ce," in ji Bilhatu. "Ta ce wannan wurin naka ne, ba nata ba. Ta ce in ka yarda za ta ara maka hannunta."

Mukhtaru ya dubi hannun. Ƙarami ne, duk jijiya, yatsun sun karkace. Saboda tambayar wannan tsohuwa ce ba zai ƙara zama da yayarsa a tsakar gidan Inna ba. Ya kwana biyu yana jin haushinta. Yanzu ga ta tana jiran amsarsa, kanta na ɗan kaɗawa.

"Ki ce mata na yarda."

Daga ƙafa aka fara. Bilhatu ta ce haka ake yi, a bi har zuwa kai, don mutum ya tsaya daidai a cikin tulun, kada ya kwana a kife. Su biyun suka kama ƙashi ɗaya, ita ta wannan gefe, tsohuwa ta wancan. Suka ɗaga. Ƙashin ya karkata ta gefen Bilhatu, wani a ɗakin ya ja numfashi.

"A hankali, Yaya," in ji Mukhtaru. "Ina riƙe da nan ɓangaren."

Sai da ƙashin ya sauka cikin tulun da 'yar ƙara, sannan ya ga yatsunsa uku a haɗe suke gam, a kan iska, har sun yi fari.

Sauran tsofaffin suka biyo baya biyu-biyu. Da aka zo kan Malam Sugano, ya rasa inda zai ajiye wayar, sai ya ba Bilhatu, ta riƙe ta a ƙirjinta tana fuskantar waje. Mukhtaru ya ga tsohon da ya ƙi baftisma yana ɗaukar ƙashin Habila, tabaransa sun jiƙe, yana ta faɗin wata magana ƙasa-ƙasa. Yana kuma jin numfashin yayarsa dab da kunnensa, kamar lokacin da take goye da shi.

Da aka rufe tulun aka naɗe shi da farin ƙyalle, ta fita da wayar waje. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, har idonsa ya yi zafi.

"Ka ci abinci?" ta ce.

"Ke ya kamata a tambaya."

"Za su ba ni romo. Kullum romo."

Sai ya yi tambayar da ya riga ya san amsarta.

"Kabarin nan na kan tudu, da sauran wuri a ciki?"

"Da saura."

"Har da naki?"

"Har da nawa, Auta."

"To," ya ce. "Allah ya ba da haƙuri. Shiga ciki, sanyi zai kama ki."

Ranar bai hura wuta ba. Baba Tsoho ya zo ya ga raga a rufe, ya dube shi, ya ce, "Khalas, yau hutu," ya aika aka sayo musu ful, dafaffen waken Larabawa, suka ci, ba wanda ya ta da zancen.

Bayan kwana biyu Mukhtaru ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ƙura ta yi masa lulluɓi. Ya buɗe, ya ɗauki agogon Habila ya juya shi, ya mayar. Ya fito da bargon. Ya kai shi wajen masu aika kaya a Jarwal, mai shagon ya karanta adireshin ya ɗago kai.

"Yaban? Me Bahaushe ya ajiye a Yaban?"

"Yayata," in ji Mukhtaru.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gado, ya yi sakayau, da ƙafa ɗaya ya tura shi.

Wata Lahadi can gaba, ya jingina wayar da gwangwanin yaji, ya ja katako. Da ta fito, sai ya ga furannin bargon a kafaɗarta.

"Muntari, wannan abu ai sai ya kashe mutum da nauyi. Iya Kurihara ta shiga ciki sai da muka neme ta."

"Mutum nawa yau?"

"Shida."

"Wa ya yi wa'azi?"

"Ni na karanta musu. Wani fasto zai dinga zuwa daga birni wata-wata. Malam Sugano ya dawo kujera ta biyu daga baya, ban san me yake nufi ba, ban kuma tambaye shi ba." Ta ja bargon ta kai hanci. "Kai, a ina ka ajiye shi? Duk warin hayaƙi da yaji yake."

"Ɗakin ne haka. Ki wanke."

"Ba zan wanke ba."

Wani ya kira ta daga ciki da yarensu, ta amsa, ta ce masa za ta je ta rufe ƙofa kafin ƙanƙara ta shigo. Hoton ya ɗauke. Mukhtaru ya ɗan zauna yana duban fuskarsa a baƙin gilashin. Daga ƙasan tudu ana jin motoci na ta kwasar mutane zuwa Harami. Ya goge hannu, ya jefa wa mage guntun kitse, ya ci gaba da yanka.